Hannun Baba a Kan Sanda

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ku sarara min haka. Hannu biyu ne da ni, ɗayan ma tawada ta gama ɓata shi. Mu ɗora daga kiran Mama.

*

Magana ɗaya Mama ta yi ta kashe wayar.

"Babanki ya sa takalmi."

Na yi tsaye ƙiƙam a tsakiyar zauren ɗakin karatu, mutane na giftawa ta gefena suna kallon zane-zanen da na kafe a bango. Wanda bai san gidanmu ba zai ce to sai me don mutum ya sa takalmi? Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba ya kashe masa hannun dama, takalman nan suna ƙarƙashin gado suna shan ƙura. Ko asibiti da silifas ake kai shi, shi ma sai an sha fama. Yau da kansa ya sunkuya ya jawo su, saboda wata maƙwabciyarmu mai ɗan banzan surutu ta kai masa hoton bangon nan a wayarta, wai ta je yi masa barka.

Ba barka zai zo karɓa ba, na san Babana. Zuwa zai yi ya sa a sauke.

Doka ɗaya ya kafa mana tun da ya kwanta: duk wanda ya san shi da hannu biyu, kada ya gan shi da ɗaya. Jitarsa tana saman wadirob naɗe cikin zanin gado. In rediyo ta sako kiɗa, kafin ya ɗago kai Mama ta murɗe. Sunan da aka san shi da shi a fagen kiɗa, Walƙiya, ko da wasa ba a faɗarsa a gidan.

Ni kuwa zane ne aikina, kuma ba na jin kunyar cewa na iya. Littafin zanena ba ya barin jakata. Tela da allura a baki, mai wankin mota, matan da ke jiran bas da kaya a cinya, makaɗan da ke gwaji a ɗakin bayan shagon faci, duk na zauna na zana su. Ƙarƙashin kowane zane sai in ɗauki burushi in rubuta sunan mutum da sana'arsa da wata magana da na ji ta fito daga bakinsa, da irin rubutuna mai ƙiba wanda duk unguwa an san shi a allunan shaguna. Shi ya sa ake ce min Tawada. Yau ne karon farko da aka ba ni bango sukutum aka ce in nuna aikina.

A tsakiyar bangon na jera hannun Baba.

Hannun hagu kawai, da sandarsa. Kullum da hantsi yakan zauna a kujerar bakin taga, ya kwantar da sandar a cinya, ya riƙo ta ta ƙasa, yatsun su yi ta motsi a kai. Likita ya ce rawar jijiya ce, mu ma muka ɗauka haka. Ni dai na ga hannu mai kyau ne, na yi ta zanawa daga bakin ƙofa, in ya canza riƙo in buɗe sabon shafi. Ban sa fuska ba, ban rubuta komai a ƙasa ba. A wayona, wa zai gane mutum ta hannu?

Ashe makaɗa da hannu suke gane junansu.

Ina juyowa na ga Kawu Dogo a gaban jerin. Ba kawuna na jini ba ne. Shi ne mai jita na biyu a ƙungiyar Baba, tare suka yi ƙuruciya, kuma shi ne mutumin farko da Baba ya sa Mama ta mayar daga bakin ƙofa. Bai yi fushi ba, bai kuma sake dawowa ba. Yau na gayyato ƙungiyarsa su ɗan taɓa kiɗa wajen buɗe taro. Ya zo da jitarsa rataye a baya, ya wuce nasa zanen da na ɓata lokaci a kai ko kallon kirki bai yi masa ba, abin har ya ɗan sosa min rai.

Na matsa na gaishe shi. Idonsa na kan bango. Ya zare tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar, ya kai hancinsa dab da takarda.

Can ya tambaye ni, ba tare da ya juyo ba, ko tsage-tsagen nan da ke jikin sandar ni na ƙara don ado. Na ce ni ba na ƙara komai, abin da idona ya gani shi fensirina ke ajiyewa. Sanda ce ta tsufa, duk ta karce.

Ya girgiza kai. Ya ce in duba da kyau: na can sama suna da tazara, suna gangarowa suna matsewa. Sannan ya juyo da jitarsa gaba, ya ɗaga wuyanta kusa da zanen. Ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuyan jitar, haka suke, daga masu tazara zuwa masu matsi.

Na duba jitar, na sake duba zanen.

"Da wuƙa ya yi su," in ji Kawu. "Tawada, hannun nan ba rawa yake ba. Kiɗa yake yi."

Ni da nake cika baki cewa babu abin da ke wuce min ido, shekara da shekaru ina kallon mahaifina yana kaɗa jita a gabana, ina ce masa sannu da jiki.

Kawu ya tambaye ni ko yadda na zana su a jere haka na kafe su. Na ce eh, ba na hautsina aikina. Sai ya jawo kujerar roba ya zauna a gaban na farko, ya ɗaga kai ya kalli yatsun Baba, ya jera nasa haka, ya buga. Ya matsa ido zuwa na biyu, ya buga. Na uku.

Surutun zauren ya fara mutuwa. Telan da na zana ya bar hira da matarsa. Shugabar ɗakin karatu, wadda ta ja min kunne da safe cewa ba ta son hayaniya, ta fito daga ofis da biro a hannu ta jingina da ƙofa.

Waƙa ce. Waƙa sosai, mai tafiya a hankali, wadda Kawu ya ce shi kansa bai taɓa jin ta ba. Sabuwa ce fil, Baba ya haɗa ta a kan sandar da ba ta da murya. Wallahi a lokacin kaina ya yi girma har na manta da maganar takalmi. Na tsaya ina kallon fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, ina so in ce musu ubana ne ya yi, ni kuma na zana.

Kawu ya kai zanen kusa da ƙarshe, ya buga.

"Tsaya."

Muryar ba ta da ƙarfi, ciwo ya sa tana ja, amma duk wanda ya tashi a gidanmu ya san ta.

Baba ne a bakin ƙofa. Ya sa farar rigarsa mai dogon hannu, hannun dama na cikin aljihu inda Mama ke saka masa shi, na hagu riƙe da sandar. Takalman ko gogewa ba a yi musu ba. Mama na bayansa da jaka a hammata, idonta ya yi ja, tana yi min alama da kai wai in yi shiru, in bar shi ya yi abin da ya kawo shi.

Mama ta manta wadda ta haifa.

Ya tako. Sanda, ƙafar hagu, sannan ya jawo ta dama. Mutane suka dare masa hanya. Wasu tsofaffi biyu daga ƙungiyar suka miƙe tsaye, ɗaya ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Baba bai kalli kowa ba, har Kawu Dogo da ke zaune jita a cinya baki a buɗe. Bangon ya nufa.

Na sha gabansa na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da kai. Na miƙe na tsaya tsakaninsa da zanen, na ƙi matsawa. Na riga na shirya maganata: in zai sauke, sai dai ya sauke da hannunsa a gaban jama'a, ni ba zan cire ƙusa ko ɗaya ba.

Ya ɗaga sandar ya ture ni gefe da ita a hankali, kamar yadda ake ture labule. Ya bi zanen ɗaya bayan ɗaya da ido. Ya daɗe. Da ya zo na kusa da ƙarshe sai ya ɗora bakin sandar a ƙasan takardar.

"Wa ya zana wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Kin yi kuskure."

Jama'a, da cewa ya yi na ci amanarsa, da na sunkuyar da kai. Da cewa ya yi na tona masa asiri, da na ba shi haƙuri ko da ban sauke ba. Amma kuskure? A hannu? Ni da na yi shekaru ina zana hannun duk wanda ya zauna kusa da ni a bas har ana yi min kallon mahaukaciya?

Na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ya yi bayani da kalmominsa masu fita ɗaiɗai. Ƙaramin yatsa, ya ce, yana tsallake tsagar ne ya sauka a gaba. Ni kuwa na ajiye shi a baya. Shi ya sa da Dogo ya buga, wurin ya fito a kwance kamar mai jin barci. Waƙarsa ba haka take ba, a nan take ɗagawa sama.

Mama ta matso ta ce ai gyara ba wuya, yarinya za ta goge ta sake. Shugabar ɗakin karatu ma ta sa baki, wai akwai abin gogewa a ofis. Kawu Dogo dai ƙasa yake kallo.

Na ce, "Ba zan goge ba."

Mama ta kira sunana a ƙasan maƙoshi, irin kiran da ke nufin za mu haɗu a gida.

"Baba, ka yi haƙuri. Inda ka ajiye yatsan, nan na ajiye shi. Ba sau ɗaya na gani ba."

Ya juyo ya dube ni sosai. Rabon da ya dube ni haka tun ina 'yar makaranta, ranar da na zana malamin lissafi a bayan takardar jarrabawa. Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. Ya ce shi za a koya wa inda yatsansa yake? Shi da yake kaɗa jita tun uwata ba ta san shi ba?

Na ce ban iya kiɗa ba, ko kusa. Amma shi ma bai iya zane ba.

Wani ya yi dariya a baya ya yi maza ya haɗiye.

Baba ya miƙa wa Mama sandar. Ta karɓa tana rarraba ido, don ba ya rabuwa da ita sai zai kwanta. Ya dafa kafaɗar Kawu Dogo, mutumin da ya kora daga ƙofar gidansa, ya ce masa ya tashi. Kawu ya miƙe da sauri har kujerar ta kusa kifewa. Baba ya zauna.

"Ba ni."

Kawu ya ɗora masa jitar a cinya da hannu biyu, ya gyara mata zama, ya ja baya.

Na kalli Mama. Ta toshe baki da gefen mayafi. Ita ce ke hawa kujera duk ƙarshen wata ta karkaɗe zanin da ke saman wadirob, ba ta taɓa gigin buɗewa ba. Yau ga shi taurin kai ya yi abin da lallashinta da na likita suka kasa.

Hannun hagun Baba ya zagayo wuyan jitar ta ƙasa, daidai yadda yake riƙe sanda. Ya jera yatsu irin na zanen farko, tsaf, ko duba bango bai yi ba. Ya sauya zuwa na biyu, na uku. Babu sauti, don babu hannun da zai buga, sai ɗan ƙaran fata a kan tsirkiya. Amma saurin da yatsun ke sauyawa ya sa na gane dalilin sunan da ya hana a faɗa.

Ya zo wurin da muke gardama. Ya ɗago ya kalle ni, irin kallon nan na buɗe idonki ki gani.

Yatsu uku suka sauka. Ƙaramin ya miƙe, ya tafi, ya sauka.

A bayan ƙarfen.

Daidai inda na zana shi.

Baba ya sunkuyar da kai ya kalli hannunsa. Ya ɗaga yatsan ya sake turawa. Ya sake sauka a wurin. Ya cije leɓe ya tura da ƙarfi har jijiyar wuyan hannunsa ta fito, yatsan ya yi rawa a iska, ya dawo inda ya saba.

Sanda ba ta da murya, shi ya sa ba ta taɓa gaya masa ba. Duk tsawon lokacin nan a kansa yake jin waƙar tana ɗagawa, alhali yatsan ya daɗe da ƙagewa bai sani ba.

Na ci gardama, amma ban ji daɗi ba ko kaɗan. Tausayinsa ya kama ni har idona ya kawo ruwa. Na tsaya ina kallon farin gashin da ke tsakiyar kansa, ina cewa a raina shi ke nan, yanzu kam yana da dalilin saukewa, kuma a gaban mutanen da ya fi gudun su gan shi na ja shi ya nuna kasawarsa. In ya ce a cire, wannan karon da hannuna zan cire.

Na durƙusa a gefen kujerar. Na ce masa a hankali, yadda shi kaɗai zai ji, in yana so zan matsar da yatsan a zanen, aikin minti kaɗan ne, babu wanda zai gane.

Ya ɗago. Idonsa a bushe yake ƙam.

"Ɗazu kin ce ba za ki goge ba."

"Na ce."

"To kar ki fara ƙarya yau." Ya ja numfashi. "Zanen daidai yake. Yatsan za a gyara."

Sai ya juya wajen Kawu Dogo, ya nuna ni da haɓa, ya ce ya gani ko? Likita bai gani ba, matarsa ba ta gani ba, shi mai hannun bai gani ba. 'Yarsa ce ta gani, daga bakin ƙofa, da fensir. Ya faɗi "'yata" ɗin nan da ƙarfi yadda na can baya ma sai da suka ji.

Ku bar ni kawai. In na ce muku ban ji kamar in taka rawa a wurin ba, ƙarya nake.

Kawu ya share ido da bayan hannu ya ce ai shi tun ina rarrafe ya san za a yi haka, ni ce na taɓa zane masa farar riga da biro. Baba ya ce rigar dama ba ta da kyau. Haka suka gaisa, bayan duk shekarun nan.

Baba ya sake ɗaga kai ga bango. Ya bi zanen tela da na mai wankin mota, yana karanta rubutun da ke ƙasansu da leɓe. Ya dawo kan nasa, inda na bar farar takarda. Ya tambaya ko tawada ce ta ƙare da aka zo kansa.

Na ce a'a, tsoro ne.

Ya ce in ɗauko.

Na zaro kwalbar tawada da burushi daga jaka. Na tambaye shi me zan rubuta.

"Sunana."

Na kalli Mama. Ta kalli Baba.

"Wanda na hana," ya ce. "Da manyan baƙi. Ya fi na Dogo girma."

Na tsoma burushi na rubuta WALƘIYA a ƙasan jerin, kowane harafi da ƙibarsa, na ja wutsiyar na ƙarshe har ƙarshen takarda. Ban taɓa yin rubutun da ya kai shi kyau ba, kuma ba yabon kai ba ne. Tsohon nan mai hula a ƙirji ya karanta a fili, wasu suka fara tafi, Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da su. Ya ce ba a gama ba.

Ya sa na matsar da zanen mai wankin mota gefe, aka bar fili a ƙarshen jerin, daidai faɗin takarda ɗaya. Ya ce nan wurin zanen da ya rage ne, kuma ba za a kafa komai a ciki ba sai abin da idona ya gani.

Sannan ya dubi Kawu.

"Dogo, ara min hannun dama."

Kawu ya zube gwiwa biyu a gefen kujerar, duk tsawonsa, ya zagayo da hannunsa ta kan jitar, babban yatsansa a saman tsirkiya yana jira. Mama ta rungume sandar a ƙirji. Shugabar ɗakin karatu da kanta ta je ta kashe fanka don kada ƙararta ta dame mu.

Baba ya ce in buɗe littafina. Na buɗe sabon shafi, na zauna a ƙasa dab da gwiwarsa, ba daga bakin ƙofa ba.

Suka fara. Baba na dannawa, Kawu na bugawa, waƙar ta cika zauren. Ta wuce zanen farko, ta wuce na biyu, tana matsowa wurin. Ban ɗaga ido daga hannunsa ba. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Yatsu uku suka sauka. Kawu ya tsayar da hannunsa a sama, bai buga ba.

"Ki duba da kyau, Tawada," in ji Baba. "In bai kai ba, ki zana bai kai ba."

Na ɗora bakin fensir a takarda.

Ƙaramin yatsan ya ɗaga, yana rawa, ya fara tafiya wajen ƙarfen.